Kurakuran da aka fi yi idan na'urar busar da tufafi ta lalace

Na gaji da ganin mutane suna yanke wa na'urar busar da tufafi hukunci tun kafin a kwance murfinta. Wani ya jefar da wadda ƙaramin gyara zai tayar, wani kuma ya yi ta zuba kuɗi a kan wadda ta riga ta gama aikinta, alhali dukansu biyu ba su tsaya sun tambayi wane ɓangare ne ya mutu ba, kuma me ya kashe shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa na'urar da ta daina zafi, ko wadda gangarta ta daina juyawa, ta mutu ke nan. Idan ana jin ƙarar inji amma ganga ba ta motsi, kuma tana juyawa sako-sako idan aka tura ta da hannu, galibi bel ne ya tsinke. Idan injin yana gunji amma ya kasa tashi, sau da yawa kafasita ce, wato ƙaramin ɓangaren da ke tara wuta don taimaka wa inji ya tashi, ta yi rauni. Idan ganga tana juyawa amma iska ba ta ɗumi, abin da za a fara dubawa shi ne fis ɗin kariya daga zafi, sannan wayar da ke dumama iska. Wadda kuma ta ƙi kunnuwa gaba ɗaya, a duba makunnin ƙofarta da fis ɗin filogi kafin a zargi komai. Duk waɗannan ƙananan kaya ne, kuɗinsu bai kai ko kusa da na sabuwar na'ura ba, kuma mai gyara da ya san aikinsa zai gane su da mitar awon lantarki cikin ɗan lokaci.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, domin ya taɓa cin kuɗina. Fis ɗin zafi ba ya ƙonewa haka kawai. Yana yankewa ne saboda zafi ya taru a ciki, zafin kuwa yana taruwa ne idan burbushin zaren tufafi ya toshe matata, ko bututun fitar da iska, ko akwatin da ke mayar da tururi ruwa. Wanda ya canza fis bai share hanyar iska ba, ya shirya sayen wani fis ɗin nan ba da jimawa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne mai gyaran da zai cire fis ɗin ya haɗa wayoyin biyu kai tsaye, ya ce maka ai ga shi ta tashi. An taɓa yi mini haka, ban gane ba sai da na fara jin ƙauri daga cikin ganga, na buɗe na tarar da riguna sun babbake, wayar dumamar ma ta ƙone. Gyaran da ya kamata ya tsaya a kan shara da ƙaramin fis sai ya koma canza babban ɓangare, ga asarar tufafi. Wannan ganganci ne tsagwaronsa, kuma duk mai gyaran da ya kawo maka shawarar haɗa waya ka sallame shi nan take, ko da kyauta zai yi aikin. Burbushin zare yana kama wuta cikin sauƙi. A Birtaniya, kamfanin Whirlpool ya yi kiranye a shekarar 2019 ga wasu na'urorin Hotpoint, Indesit da Creda, saboda burbushi yana iya taɓa wayar dumama ya haddasa gobara. Shi ya sa nake duba lambar samfurin kowace tsohuwar na'ura in ga ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye kafin in kashe mata ko sisi.

Akwai kuma masu yin akasin na farko, wato masu gyaran da ba ya ƙarewa. Mutane da yawa suna bin ƙa'idar cewa idan kuɗin gyara ya wuce rabin kuɗin sabuwa, a sayi sabuwa. Ni ba na tsayawa a nan, domin ƙa'idar ba ta duba shekarun na'urar. Irin waɗannan na'urori sukan yi shekara 10 ko ɗan fiye idan ana kula da su. Al'adata ita ce, idan ta haura shekara 8 kuma abin da ya lalace inji ne ko allon lantarkin da ke sarrafa ta, ba na gyarawa ko da kuɗin bai kai rabi ba, saboda boris da bel da sauran sassa duk tsufa ɗaya suka yi da shi. Idan kuwa ba ta wuce shekara 5 ba, ina gyara kusan komai, sai fa kwamfuresar (injin matse gas irin na firiji) nau'in da ke sake amfani da zafinsa, wadda gyaranta ke da tsada kuma ba kowane mai gyara ne ke iya taɓa ta ba.

Wannan nau'in ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin masu lissafin saye sukan duba farashin kanti su manta da kuɗin wuta. Na'urar da ke aiki da kwamfuresa tana cin kusan rabin lantarkin da mai wayar dumama ke ci, saboda haka gidan da ke busarwa kusan kullum yana da hujjar sauya tsohuwar na'ura, wanda ke busarwa jefi-jefi kuwa ba shi da ita. Mai kwamfuresar tana aiki da zafi kaɗan, tana ɗaukar lokaci fiye da tsohuwar, kuma wasu sukan zaci lalacewa ce su kira mai gyara a banza.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Kada a yi watsi da ƙarar gurzawa, domin boris ɗin da aka bari ya cinye yakan lalata sandar ganga. A duba takardar garanti kafin a kwance ko da noti ɗaya, tun da buɗe na'urar kan soke shi. Idan tana tsayawa tufafi da sauran laima, a goge ƙarafan nan biyu masu gane danshi da ke cikin ganga, domin ragowar sinadarin tausasa tufafi yana rufe su. A tabbatar ana samun kayan gyaran samfurin kafin a biya kuɗin aiki. Duk wanda zai duba da kansa ya fara zare filogi daga soket, kuma ya nisanci bakin kafasita, domin tana iya riƙe wuta bayan an kashe na'urar.