Yadda Ake Sanya Na'urar Auna Ƙarfin Dannawa a Allon Siririyar Waya

Gilashin waya yana ɗan lotsawa duk lokacin da yatsa ya danna shi, lotsawar da ido ba ya iya gani, kuma a kanta dukkan aikin ya dogara. Da farko a shimfiɗa siririn faifai mai ɗauke da ƙananan na'urorin awo a ƙarƙashin allon, a bar 'yar tazara tsakaninsa da gilashin, domin idan tazarar ta ragu cajin lantarkin da ke tsakaninsu yana canzawa, daga nan ake gane nauyin yatsa. Hanyar da Apple ya bi ke nan a iPhone 6s a shekarar 2015, inda ya haɗa na'urorin da fitilar bayan allo.

Daidaitawa ce ta fi cin haƙuri, kuma a ganina nan ne aiki yake kyau ko ya lalace. Tsakiyar gilashi ta fi gefensa saurin lotsawa, saboda haka dole a gwada kowane sashe da nauyin da aka sani, a adana sakamakon a manhaja. A maimaita gwajin cikin zafi da sanyi, domin wayar da ta sha rana awonta yakan kauce.

Sai a ƙara ƙaramin injin girgiza, yatsa ya ji cewa an karɓi umarninsa. A kuma yi lissafin kauri tun a zane: iPhone 6s ta kai milimita 7.1, alhali wadda ta gabace ta 6.9 ce.