Yadda zaka canja filtar mai ta mashin ɗinka, da wacce ya kamata ka saya

Idan mashin ɗinka yana tashi lafiya lau amma da ka hau titi ka murɗa totur sai ya fara shaƙewa kamar mai ya ƙare, ko ka zo hawan gada ya mutu, ka tsaya kaɗan ka buga ya tashi kamar ba abinda ya faru, toh kafin ka bari a kwance maka kafireta (inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga injin) fara duba filtar mai. In ta toshe mai ɗiga kawai yake cikin kofin kafireta, a silo, wato in baka murɗa totur ba, ya ishi injin amma da ka ba shi wuta sai kofin ya ƙafe, tsayawar da kayi ce take ba shi damar sake cika. Amma ka fara buɗe murfin tanki ka gwada, in ƴar ƙofar iskar dake jikinsa ta toshe shima haka yake yi.

Ina magana ne akan mashinan kafireta irin su Boxer, Jincheng, Haojue da sauransu. Bi tiyon da ya fito daga makunnin mai na ƙasan tanki ya tafi kafireta, filtar tana tsakiya, ƴar roba ce da ake hango cikinta. Wani mashin ɗin babu ita, sai raga a cikin tanki da ɗan kofi a ƙasan makunnin, wannan kwancewa ake a wanke da fetur a mayar.

Kayan aikin ba yawa, filaya, sukudireba, tsumma da gwangwanin tarar mai. Ka bari injin ya huce tukunna, kayi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, dan Allah banda kusa da murhu ko janareta ko mai shan sigari, fetur ba abin wasa bane. Ka juya makunnin zuwa OFF. Sai ka matse kilif ɗin dake riƙe da tiyon a bakin filtar da filaya ka ja shi baya, ka riƙe tiyon ka murɗa shi hagu da dama kafin ka ja, kar ka fizga dan in ya daɗe yana manne da bakin filtar kuma bakin karyewa yake ya bar guntu a ciki. In kaga tiyon ya bushe ya yi tauri ko bakinsa ya tsattsage canja shi gaba ɗaya, ka ce tiyon mai kake so, yawanci na ƙananan mashina wajen milimita 6 ne amma ka tafi da tsohon a gwada.

Kafin ka sa sabuwa, tara gwangwani ka buɗe makunnin a ON, sannan a rizab (RES, man ajiya), kaga yadda man ke zuba. Rizab daga can ƙasan tanki yake ja, dan haka nan zaka ga gaskiya, in jan gari ya fito tsatsa ce, in kaga wani abu ya kwanta a ƙasan man ruwa ne. In haka ne sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba duk filtar da ka sa toshewa zata yi, musamman mu da dole wani lokacin sai mun sha man bumburutu na galan.

Akwai kibiya a jikin filtar, kan kibiyar ya kalli kafireta. Mutane da yawa anan suke kuskure. Ka tura tiyon ya shige har ƙarshe, ka mayar da kilif, ka tabbatar tiyon bai lanƙwashe ba kuma filtar bata taɓa kan injin ko salansa. Buɗe mai ka jira ta ɗauka, in kaga ƴar iska a samanta ba matsala. Ka shafa yatsa a bakin biyun ko akwai yoyo, sannan ka tayar ka ɗan zaga.

Sai maganar orijinal da ta kasuwa, wacce anan ake ta musu. Ni a ganina a mashin ɗin kafireta ba dole sai ta kamfani ba, saboda babu famfo, nauyin man ne kawai ke gangaro da shi, filtar wani kamfanin mai kyau zata yi aikin daidai. Matsalar ita ce jabu, wadda aka buga mata sunan Bajaj ko Honda a kwali alhali ba tasu bace, kowa a shago ce maka zai yi orijinal ce. Dan haka kar ka tsaya kan kwali, ciro ta ka duba. Takardar ciki ta zama mai ninki da yawa a jere, a manne sama da ƙasa, in ka girgiza kaji tana motsi ajiye ta dan datti ta gefe zai wuce. Duba inda aka haɗa robar biyu, nan take fara yoyo in rana ta dake ta. Ka hura ta bakin shiga, iska ta wuce ba tare da kayi nishi ba. Mai takarda tafi kama garin tsatsa amma tafi saurin toshewa, mai raga tafi sakin mai kuma ana iya wanke ta sai dai ƙananan datti na wuce ta. Ni nafi son mai takarda wadda ake ganin cikinta, da ta yi duhu na san lokaci yayi.

Amma in mashin ɗinka mai injekta ne, wato wanda ake fesa wa injin mai a maimakon kafireta, maganar ta canja gaba ɗaya. Famfo ne ke tura man da ƙarfi, wajen bar 3 a ma'aunin matsi, kuma sau da yawa filtar tana cikin tanki a jikin famfon. In ka sa wannan ƴar robar ta kafireta a irin wannan layin fashewa zata yi ta watsa fetur kan injin mai zafi. Anan ka nemi ta kamfani da lambarta a wajen dila, ko ta yi tsada tafi sauƙi akan sayen sabon famfo ko injekta, kuma in baka taɓa sauke famfon ba ka kai wa bakaniken da ya san irin mashin ɗin, dan sai an sauke ƙarfin dake cikin layin kafin a cire tiyo.