Darasi na 9: Zafin Fuska da Yashi a Ido

Akwai mutanen da in sun shiga rana, ko suka kurɓi abu mai zafi, sai su ji fuskarsu ta ɗauki ɗumi kamar sun leƙa tukunya tana tafasa. Da farko abin yakan zo ya wuce cikin 'yan mintoci. Bayan watanni ko shekaru sai ya ƙi wucewa. Kumatu da hanci da goshi da haɓa su riƙa raɗaɗi, ƙananan ƙuraje su feso, wasu har da ruwa a bakinsu. Likitoci suna kiran wannan ciwo rozeshiya.

Ya fi fara bayyana bayan mutum ya haura shekara 30. An fi ganinsa a jikin mata, amma in ya kama namiji yakan fi tsanani, har fatar hanci ta yi kauri ta kumbura. Ba a ɗaukarsa daga wani. Wanda ya ci abinci da mai shi, ko ya kwana ɗaki ɗaya da shi, babu abin da zai same shi. Kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Wannan magana ku riƙe ta da kyau, domin mutane da yawa suna ta dirzar fuska da sabulu mai ƙarfi, suna zaton datti ne, alhali dirzar ce ke ƙara hura wutar.

Har yau masana ba su gama gano asalin dalilinsa ba. An dai lura yana bin jini a wasu gidaje. An kuma lura cewa ƙananan jijiyoyin jinin fuskar mai shi suna saurin buɗewa. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, ana ce musu demodeks, da ke zaune a ramukan gashin fatar kusan kowane baligi. A fatar mai rozeshiya sukan fi yawa.

A fata mai duhu

A jikin farar fata, fuskar takan yi ja zur, kowa ya gani. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran fuska, ko ya yi wani ja-ja mai ƙasa-ƙasa. Shi ya sa ake yawan ɗaukarsa a matsayin ƙurajen balaga. Ga bambanci mai sauƙi: ƙurajen balaga suna zuwa da baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu toshe ramukan fata, rozeshiya kuwa ba ta da su, sai zafi da raɗaɗi a tsakiyar fuska. Duk da haka likita ne zai tabbatar, saboda akwai wasu cututtukan da ke kama da ita.

Abin da ya shafi ido

Nan ne ya kamata mu daɗe, don nan aka fi yin sake. Mutum zai je wurin mai maganin fata da ƙurajensa, ya sayi ɗigon ido a wani wuri dabam, bai san ciwo ɗaya ne ke damunsa ba. Wani ma idon ne ke fara ciwo kafin komai ya fito a fuska.

A gefen fatar ido, daidai bayan gindin gashin ido, akwai jerin 'yan ramuka masu fitar da maiƙo. Duk ƙiftawar da muka yi, maiƙon nan yana shimfiɗuwa a kan hawaye ya hana su saurin bushewa. A wurin mai rozeshiya maiƙon yakan daskare ya toshe ramukan. Sai ido ya bushe. Mutum ya ji kamar an watsa masa yashi, gefen idon ya yi ja, kwantsa ta bushe a gashin ido da safe, hazbiya ta riƙa fitowa tana komawa. Abin mamaki, busasshen ido yakan yi ta zubar da ruwa, amma ruwa ne marar maiƙo, ba ya zama.

Ga abin da za ku iya yi a gida. Ku wanke hannu da sabulu. Ku tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ku matse, ku gwada a bayan hannu kada ya ƙona ku. Ku rufe ido ku ɗora shi na minti 5 zuwa 10, in ya huce ku sake tsomawa. Ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare. Daga nan ku shafa fatar idon a hankali da ɗan yatsa, kuna nufar wajen gashin ido, sannan ku goge gefen da auduga mai tsabta. A kan ido kaɗai za a ɗora tsumman, kada ya rufe kumatu, tunda zafi yana tayar da ciwon fuskar. Aikin nan na kullum ne, kamar wanke baki. Wanda ya yi kwana uku ya bari, toshewar za ta dawo.

Akwai ɗigon da ake kira hawayen roba, mai jiƙa ido kawai, yana rage jin yashin. Amma kada ku ɗiga maganin ido mai sitiroid, wato wani sinadari mai kwantar da kumburi, sai likitan ido ya rubuta. Yana kwantar da ja nan take, shi ya sa mutane ke son sa, sai dai daɗewa a kansa na iya kawo yanar ido ko hawan jinin ido. Ranar da ido ya tashi, a hutar da shi daga kayan kwalliya.

Abu uku ba sa jiran gobe: ciwo mai tsanani a cikin ido, kasa kallon haske, da gani dishi-dishi wanda ƙiftawa ba ta gyara shi. Suna iya nuna cewa ciwon ya taɓa siririyar fatar nan mai kama da gilashi da ke gaban baƙin ido. In ta yi tabo, gani yana raguwa. A je asibiti a ranar.

Kula da fuska

Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar turare, tafin hannu, shi ke nan. Ban da soso. A tsane fuska da tawul, kada a goga. Rana tana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, don haka a nemi inuwa, a sa hula mai faɗin baki, a shafa man kariya daga rana. Ku duba jikin kwalbar, ku nemi haruffan SPF da lamba 30 ko sama da haka.

Ku yi nesa da man shafawa mai sitiroid, har da wasu mayukan sa hasken fata da ake zuba shi a ciki. Mako na farko fuska za ta yi sumul, mutum ya ce ya dace. Ranar da ya daina, ciwon ya dawo da ƙarfinsa fiye da da.

Rozeshiya ba ta warkewa gaba ɗaya, amma tana kwanciya. Likita na iya ba da man shafawa kamar metronidazol ko aibamektin, ko ƙwayar doksisaikilin, wadda take taimakon fuska da ido a tare. Mai ciki ba ta shan wannan ƙwaya, saboda haka ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Magani yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, wani lokaci har wata biyu ko uku.

Aikin rubutu

Abin da ke tayar wa wani ciwon ba lallai ya tayar wa wani ba. Wani rana ce, wani yaji, wani abin sha mai zafi, wani giya, wani iska mai sanyi, wani kuma ɓacin rai. Littafinku na rubutu zai nuna muku naku.

Ku buɗe sabon shafi, ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida uku. A gida na farko ku rubuta kwanan wata. A na biyu ku rubuta abin da kuka ci ko kuka yi. A na uku ku rubuta yadda fuska da ido suka kasance. Misali: "Talata. Na daɗe a rana. Kumatu zafi, ido yashi." Kalma biyu ko uku sun isa. Wanda ba shi da ciwon ya taya wani mai shi rubutawa. Ku yi haka kullum har mako 4, sannan ku ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta fi maimaituwa a gida na biyu. Ranar ganin likita ku tafi da littafin, ku karanta masa gida na uku da bakinku, har da abin da kuka rubuta game da ido.