Yadda za ka farfaɗo da tsohuwar na'urar CD ta gida

Idan na'urarka ta fara tsallake waƙa ko ta ƙi karanta faifai, kada ka yi saurin jefar da ita. A Gusau, ƙurar hunturu na iya hana su aiki, ba sai sun tsufa ba.

Fara da faifan. Goge shi da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe, ba zagaye ba. Gwada wani faifan.

In ta ƙi, cire wayar daga soket, ka kwance sukurorin murfin. Ƙarƙashin mazaunin faifai za ka ga ɗan gilashi kamar ƙwayar dawa. Shi ne idon, ta nan hasken leza ke karanta faifai. Jiƙa audugar goge kunne da sifirit kaɗan, ka shafa shi sau biyu, a hankali sosai, don kan siraran wayoyi yake lilo, dannawa na ɓata shi. Na taɓa ganin wanda ya sa fetur, idon ya dushe har abada. Bar shi ya bushe kafin ka mayar da wuta.

Tiren da ya ƙi fita kuwa, yawanci ɗan bel ɗin roba ne ya saki. Kai shi wurin mai gyaran rediyo ya ba ka daidai girmansa.

Idan idon ya mutu, ni ba na ba da shawarar canza shi. Sayi na'urar DVD, tana karanta CD. Haɗa wayoyin sauti, ja da fara, daga na'urar DVD zuwa ramin amfilifaya da aka rubuta wa AUX, lasifikokinka na nan yadda suke.