Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen kula ta intanet da matan Japan masu matsalar cin abinci

Na gaji da ganin sabbin shiga suna ɗauko darussan CBT, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, da aka tsara a Ingila, su juya su zuwa Japananci, su ce aiki ya ƙare. Fassara ita ce mafi sauƙi a wannan aikin.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai ni na tafka shi. Wata budurwa nake bibiya, mai ɗirkar abinci fiye da kima sannan ta janyo amai. Duk mako in na tambaye ta ya jiki, sai ta rubuto "daijobu desu", wato ba komai. Na yarda. Wata biyu ina rubuta cewa tana samun sauƙi, ashe kullum dare sai ta yi amai, har sinadarin potasiyom na jininta ya faɗi aka kwantar da ita a asibiti. Ni da na tashi a gidan da majinyaci ke cewa "da sauƙi" ko ba ya iya tashi, ni ce na kasa ganewa! Japanawa enryo suke kiran wannan kawaicin na gudun ɗora wa wani nauyi. Tun daga ranar lamba nake tambaya: daga Litinin zuwa yau sau nawa? Kuma nakan fara da gaya mata cewa amsarta ba za ta dame ni ba.

Sai jadawalin abinci. Haba jama'a, burodi da cuku ga wadda mahaifiyarta ke girka shinkafa da miyar miso da kifi? Ku tambaye ta abin da ke kan teburinsu, da abin da take saya a kombini, kantunan nan da ba sa rufewa ko tsakar dare. Daga nan ake gina jadawali.

Kada ku jira dangi su tsorata da rama. Kusan mace ɗaya cikin biyar 'yan shekara 20 zuwa 29 a Japan ma'aunin BMI nata (nauyi gwargwadon tsayi) bai kai 18.5 ba, wato ta rame fiye da kima, ido ya saba. Kada kuma ku jira ta ce tana tsoron ƙiba. Likita Sing Lee ya nuna a Hong Kong cewa wasu kumburin ciki kawai suke kuka da shi.

Kiran bidiyo kuwa, gidajen ƙanana ne, bango siriri, uwa na ɗakin kusa. Ni nakan bari ta rubuto.