Ga mai son komawa motsa jiki bayan dogon hutu

'Yan uwa, in kun daɗe ba ku motsa jiki ba, kada ku fara da dogon gudu. Ku yi gudu na minti 1, tafiya ta minti 2, ku maimaita sau 6. Kwana uku a mako ya isa. Duk mako ku ƙara minti 1 a kan gudun.

Ma'aunina shi ne magana. In kuna gudu aka yi muku sallama, amsawa ta gagara saboda haki, to ku sassauta.

Numfashi yana saurin dawowa, amma gwiwa da agara sun fi jinkirin sabawa. Na yi wata takwas ban taɓa ƙwallo ba, rana ɗaya na shiga fili aka tashi wasa da ni. Washegari agarata ta kumbura, tasowa daga sujada sai da na dafa bango. Na kashe kuɗin magani, na ƙara zaman mako uku.

Ku fita bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi.

Amma in kun ji ciwon ƙirji ko jiri, ku tsaya, ku ga likita. Mai hawan jini, mai jego da wanda aka yi wa tiyata, su fara neman izinin likita tukuna.