Yadda Ake Tsara Tafiya Zuwa Birane Da Dama a Waje Tare da Yaro Mai Tatata

Kafin ku duba kuɗin tikiti ko ku nemi otal, ku ɗauki takarda ku ƙirga sau nawa za ku haɗa kaya ku tashi daga wannan masauki zuwa wancan. Duk sauran shirin a kan wannan lissafi zai zauna. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana, kuma duk ranar da aka tashi daga gari, barcin ranar nan ya wargaje. Tafiyar da tikiti ya nuna ta awa biyu ce, idan aka haɗa da sallamar otal, zuwa tasha, jira da lalubo sabon masauki, sai ta cinye awa shida ko fiye. Ranar tashi ba ranar yawo ba ce, ku cire ta daga lissafi tun yanzu.

Shawararmu: kada ku kwana ƙasa da uku a kowane birni. Mai kwana goma ya tsaya a birane biyu ko uku, mai mako biyu kada ya wuce huɗu. Birnin farko shi za a ba kwanaki mafi yawa, musamman idan akwai bambancin agogo, domin jiki yakan ɗauki kusan kwana guda kafin ya saba da kowace awa ɗaya ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Idan akwai wani gari kusa da kuke marmari, ku je da safe ku dawo ku kwana a masaukinku, ya fi a sake ɗaure kaya.

Tikitin jirgin sama

Ku nemi tikitin da ake sauka a birni ɗaya a tashi daga wani, wato wanda shafukan sayar da tikiti ke ware masa gurbin birane da yawa. Da shi ba sai kun koma birnin farko don kawai ku hau jirgin gida ba. Amma ku riƙe wannan da kyau: idan zangon tafiya da yawa na cikin tikiti ɗaya kuka tsallake guda, kamfanin yakan soke duk ragowar. Idan kuma tikiti biyu daban kuka saya don araha, jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa da ku, ga shi dole ku karɓi akwatuna ku sake aunawa da yaro a kafaɗa. In za a sauya jirgi a hanya, ku bar tazarar awa biyu zuwa uku. Minti 50 ba za su isa a canza famfas, a jira keken yaro, a kuma tsallaka filin jirgi ba.

Yaron da bai cika shekara biyu ba ana iya ɗora shi a cinya, kuma a jiragen sama masu zuwa ƙasashen waje galibi kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, ban da haraji. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne yaron da zai cika shekara biyu ana tsakiyar tafiya: duk jirgin da zai hau bayan wannan rana sai an kama masa kujerarsa. Ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon jirgi kuwa, yawanci iyakarsa kilo 10 zuwa 11, mai tatata galibi ya riga ya fi ƙarfinsa. A tafiyar da ta haura awa shida, kujerarsa ta kansa ta cancanci kuɗinta.

Takardu

Yaro na buƙatar fasfo ɗinsa, da bizarsa idan ana nema. Ƙasashe da yawa suna so fasfo ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ƙasashen yankin Shengen na Turai, waɗanda ake shiga da biza guda, wata uku suke nema bayan ranar fita. Ku bi ƙasashen da za ku taka ɗaya bayan ɗaya, har wadda za ku sauya jirgi kawai a cikinta, don wasu na neman bizar wucewa.

A ɗauki misalin Landan, Paris da Amsterdam. Biyun ƙarshe biza ɗaya ta Shengen ta ishe su, amma Birtaniya ba ta ciki, tata daban. Wanda ya fara da Paris ya tsallaka Landan sannan ya nufi Amsterdam ya shiga Shengen sau biyu ke nan, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi masa ba. Gyaran mai sauƙi ne: a sa Landan a farko ko a ƙarshe. Ana neman bizar Shengen a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai sai ta farkon shiga. Sai an nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma yaran da ba su kai shekara shida ba ba sa biyan kuɗin bizar.

Idan uwa ko uba ne kaɗai zai tafi da yaron, a riƙe takardar haihuwarsa da wasiƙar amincewar ɗayan, da sa hannu da hatimin lauya. Jami'an shige da fice kan tambaya, musamman idan sunan ƙarshe na uwa da na yaro sun bambanta.

Tsakanin birane

Duk inda jirgin ƙasa zai kai ku cikin awa huɗu ko ƙasa, ku zaɓe shi. Yaro na iya miƙewa ya taka, ba a ƙwace ruwan sha, kuma tashar na tsakiyar gari. Jirgin ƙasa na Eurostar daga Landan zuwa Paris bai kai awa biyu da rabi ba, kuma ɗan ƙasa da shekara huɗu kyauta yake tafiya a cinya. A jiragen ƙasa na Jamus kyautar har zuwa ƙasa da shekara shida. Sai dai kyauta ba ta nufin kujera, in kuna son ya kwanta sai ku kama masa gurbi.

Lokacin tashi ma a zaɓe shi da hankali. Otal-otal kan sallami baƙo tsakanin 11 da 12 na rana, ba sa ba da ɗaki sai 2 ko 3. Jirgin da ya tashi wajen tsakar rana yana rufe wannan giɓi, ya kuma faɗa daidai barcin rana. Na ƙarfe shida na safe, komai arharsa, yana nufin tayar da yaro ƙarfe uku na dare, sannan a isa gari a zauna a harabar otal da shi yana ta kuka har azahar.

Idan mota za ku ɗauka haya, dokar ƙasashen Tarayyar Turai ta wajabta kujerar yara. Ku nema tun lokacin kama motar, ku faɗi nauyin yaron.

Masauki da kaya

Ku rubuta wa kowane masauki tambaya uku kafin ku biya: akwai gadon yaro, akwai lif, akwai firij? Tsofaffin gine-gine da yawa ba su da lif, hawa na huɗu da akwati da keke da yaro mai barci ba ƙaramin aiki ba ne. A tsakiyar tafiya ku sa masauki ɗaya mai injin wanki, wannan kaɗai zai rage tufafin da za ku ɗauka da rabi.

Ƙa'idar kaya ita ce kowane babba ya kasance da hannu ɗaya a sake. Akwati babba guda, jakar goyo a baya, keke mara nauyi mai naɗuwa da hannu ɗaya, da abin goya yaro. Wannan na ƙarshe kada a bar shi: yawancin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris matakala ce zalla, titunan Lisbon kuma tudu ne da duwatsu. Kamfanonin jirgi da yawa na karɓar keke a bakin ƙofar jirgi kyauta, amma ku tambaya ko a nan za a dawo da shi ko sai wajen akwatuna.

A jakar hannu: famfas ɗaya ga kowace awa biyu ta tafiya, a ƙara uku saboda jinkiri, kayan canji biyu na yaro, riga ɗaya ta wanda zai riƙe shi, leda ta kayan da suka ɓaci, abin taɓawa wanda ya saba ci. Madara da abincin yaro ba sa cikin dokar filin jirgi da ke taƙaita ruwan da ake shiga da shi a jakar hannu zuwa mililita 100 a kowace kwalba, amma ku fito da su a wurin bincike. Famfas na kwana biyu ko uku ya isa, sauran a saya a can. Bargon da yake barci da shi ko 'yar tsanarsa su zauna a jakar hannu, su ne ke sa baƙon ɗaki ya zama nasa.

Lafiya

Ku ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tafiya, da katin rigakafi a hannu. A tabbatar da allurar ƙyanda. Idan ana neman shaidar rigakafin cutar shawara, takardar ba ta fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Ku ɗauki ma'aunin zafin jiki, farasitamol na ruwa da sirinjin aunawa, da ƙullin ORS. Maganin yara da nauyi ake auna shi, don haka a auna yaron, likita ya rubuta adadin. Kada a ba shi maganin mura ko na ƙaiƙayi don ya yi barci a jirgi. Yana da haɗari, wasu yaran ma sai ya ƙara birkita su. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce.

Ciwon kunne ya fi tsanani lokacin sauka, wanda kan fara kusan minti 30 kafin a taɓa ƙasa. Ku ajiye abin shansa sai lokacin, haɗiya ce ke buɗe kunnen. In yana fama da mura mai toshe hanci ko ciwon kunne, likita ya duba shi kafin a hau.

A cikin gari, wuri ɗaya babba da safe ya isa, a koma barcin rana, da yamma a nemi filin wasa ya yi gudu a rana, hasken na taimaka wa barcinsa ya daidaita da sabon agogo. Kowace safiya ku ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa, ku sa masa kati a aljihu mai lambar wayarku haɗe da lambar ƙasa da sunan masaukin da kuke ciki. Duk birnin da kuka sauka, a sake rubuta katin kafin a fita.